Gina manhajar kwamfuta ta hanyar siffanta fuskarta: bayani kan harshen QML da takwarorinsa

Duk wanda ya taɓa zama gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa ya san abin da kan tarbe shi idan ya buɗe wata manhaja: ga taga, ga maɓallai, ga gurabun rubutu, ga kuma jerin zaɓi a can sama. Wannan ɓangaren da ido ke gani, hannu kuma ke taɓawa ta hanyar linzamin kwamfuta, shi ake kira fuskar manhaja.

Ko da yake shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin fahimta ga mai amfani, yana daga cikin waɗanda suka fi cin lokacin injiniyoyi. Dalili kuwa shi ne ba a zana fuskar manhaja sau ɗaya a huta. A kowane lokaci sai abin da ke kan allo ya yi daidai da bayanan da ke cikin na'urar, alhali kuwa bayanan ba sa daina canzawa.

Tun daga tsakiyar shekarun 2000 manyan kamfanonin fasahar sadarwa suka fara karkata ga wata hanya da ke ɗauke wa mai rubuta manhaja wannan nauyi, ta ɗora shi a kan tsarin da yake aiki da shi. Ɗaya daga cikin fitattun misalai shi ne harshen QML na tsarin Qt, wanda asalinsa daga ƙasar Norway yake.

Umarni da siffantawa

A tsohuwar hanya, wadda za a iya kira salon umarni, mai rubuta manhaja kan jera wa na'ura matakai ɗaya bayan ɗaya. Zai ce a ƙirƙiro taga, a ba ta faɗi kaza, a ƙirƙiro maɓalli, a ajiye shi a wuri kaza, a rubuta kalma kaza a kansa. Idan wani abu ya canza daga baya, to shi ne zai sake ba da umarnin a gyara duk inda canjin ya shafa.

A sabuwar hanyar kuma, wato salon siffantawa, ba matakai yake jerawa ba. Yakan bayyana yadda yake son fuskar ta kasance: taga mai ɗauke da maɓalli a tsakiya, wanda faɗinsa rabin faɗin tagar ne. Yadda za a cim ma hakan, da yadda za a riƙe shi a haka idan aka ja tagar ta ƙara girma, aikin tsarin ne.

Bambancin ya yi kama da na mutum biyu da suka je wurin tela. Na farko ya tsaya a kansa yana gaya masa inda zai yanka da inda zai ɗinka. Na biyu kuwa ya ba da awonsa, ya faɗi irin rigar da yake so, ya kama gabansa.

A ɗauki misalin manhajar lissafin wani kanti, mai gurbin yawan buhunan da aka saya, da gurbin farashin kowane buhu, da jimillar kuɗi, da kuma maɓallin buga rasit wanda bai kamata ya yi aiki ba sai jimillar ta wuce sifiri. A salon umarni, dole ne a tuna a sake lissafa jimillar a duk wurin da yawan buhu ko farashi zai iya canzawa: idan mai kanti ya rubuta sabon adadi, idan aka ɗauko tsohon ciniki daga ma'adana, idan aka yi rangwame, idan aka soke ciniki. Wuri ɗaya aka manta, to allo zai nuna wani adadi, na'ura kuma tana riƙe da wani. Da yawa daga cikin kurakuran da masu amfani da manhaja ke kuka da su daga irin wannan mantuwar suke fitowa.

Daga Oslo zuwa Finland

Wasu injiniyoyi biyu 'yan ƙasar Norway, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, su ne suka fara rubuta Qt a shekara ta 1991. A 1994 suka kafa kamfanin da daga baya aka san shi da suna Trolltech a birnin Oslo, kuma a watan Mayun 1995 suka fitar da Qt ga jama'a. Manufarsu ita ce mutum ya rubuta manhaja sau ɗaya da harshen C++, ta yi aiki a kan Windows da kuma Unix ba tare da an sake rubuta ta ba.

Sunan Qt ya ƙara fitowa ne a 1996, lokacin da wani ɗalibi a jami'ar Tübingen ta Jamus, Matthias Ettrich, ya zaɓe shi don gina KDE, wato fuskar tebur ta kwamfutocin Linux. A duk tsawon waɗannan shekarun da salon umarni ake aiki, ta hanyar tarin maɓallai da tagogi da ake kira Qt Widgets, waɗanda har yanzu suna nan ana amfani da su.

A shekara ta 2008 kamfanin Nokia na ƙasar Finland ya sayi Trolltech a kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan 150. A lokacin Nokia ne kan gaba a kasuwar wayar salula ta duniya, to amma wayar iPhone da ta fito a 2007 ta nuna cewa jama'a sun fara son allon da ake shafawa da yatsa, inda hotuna ke zamewa suna motsi a hankali. Tsofaffin maɓallan Qt an yi su ne don linzami da tebur, ba don wannan ba.

Amsar da injiniyoyin suka bayar ita ce QML, tare da tarin kayan aikinsa mai suna Qt Quick, waɗanda suka fito a cikin Qt 4.7 a watan Satumban 2010. Sai dai ba a yi wata shida ba, a watan Fabrairun 2011, shugaban Nokia na lokacin Stephen Elop ya ba da sanarwar cewa kamfanin zai koma amfani da manhajar wayar Microsoft. Wayar N9 da ta fito a wannan shekarar, wadda aka gina yawancin manhajojinta da Qt, ta zama marainiya tun ranar haihuwarta.

Wani kamfanin Finland mai suna Digia ne ya karɓi Qt baki ɗaya a 2012, kuma a watan Disambar wannan shekarar aka fitar da Qt 5. Daga baya sashen ya zama kamfani mai cin gashin kansa, wanda tun 2016 ake cinikin hannayen jarinsa a kasuwar Helsinki. Qt 6 ya fito a watan Disambar 2020.

Ke nan harshen da aka ƙirƙira don wayar hannu ya rasa wayar, ya koma neman gurbi a kan kwamfutar tebur, da allunan motoci, da na'urorin masana'antu da na asibitoci. Wannan tarihin yana da muhimmanci, domin shi ke bayyana ƙarfin QML da kuma rauninsa a kan tebur.

Yadda ake rubuta taga

Fayil ɗin QML rubutu ne kawai da za a iya buɗewa a karanta. Tsarinsa kamar bishiya yake: abu ɗaya ne a tushe, yawanci taga, a cikinsa akwai wasu abubuwan, su ma a cikinsu akwai wasu. Ana rubuta sunan abu, a buɗe baka, a jera siffofinsa, a sa 'ya'yansa a ciki, a rufe baka.

Kowane abu yana da siffofi, kamar faɗi, da tsawo, da launi, da rubutun da ke kansa, da ko yana bayyane ko a ɓoye. Ana rubuta sunan siffa, sai ɗigo biyu, sai ƙimarta. Maɓalli, alal misali, ana kiransa Button, rubutun da ke kansa text, abin da zai faru idan aka danna shi kuma ana rubuta shi a ƙarƙashin onClicked da harshen JavaScript.

Ba kasafai ake faɗin ainihin wurin da abu zai zauna da lambobi ba. Akan ce a jera waɗannan a tsaye, waɗancan a kwance, ko kuma a manna gefen hagu na wannan da gefen dama na wancan. Saboda haka idan tagar ta ƙaru ko ta ragu, kayan cikinta kan gyara zama da kansu.

Wani abin da ke sauƙaƙa aiki shi ne kowane fayil kan zama sabon tubali. Idan aka rubuta fayil mai siffanta layin kaya guda a cikin rasit, sunan fayil ɗin ya zama sunan sabon abu da za a iya kira a ko'ina, tamkar ɗaya daga cikin waɗanda tsarin ya zo da su. Da irin waɗannan ƙananan tubalan ake gina manhaja mai tagogi da yawa.

Ɗauri

Zuciyar al'amarin ita ce abin da za a iya kira ɗauri. A QML ƙimar siffa ba dole ba ne ta zama tsayayyen adadi. Tana iya zama lissafi da ya dogara da wasu siffofin. A misalin kantin nan, sai a rubuta cewa rubutun gurbin jimilla shi ne yawan buhu sau farashi, maɓallin rasit kuma yana aiki ne idan jimillar ta wuce sifiri. Layi biyu, an gama.

Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne, a karon farko da injin QML ya yi wannan lissafin, yakan lura da duk siffofin da aka karanta a cikinsa, ya rubuta su a matsayin waɗanda jimillar ta dogara da su. Kowace siffa kuma tana da sigina da take aikawa idan ƙimarta ta canza. Da zarar farashi ya canza, ko ta wace hanya, sigina za ta tashi, injin ya sake lissafa jimillar, canjin jimillar kuma ya tayar da tasa siginar, maɓallin rasit ya buɗe ko ya rufe.

Wannan tunanin ba sabo ba ne. Duk akawun da ya taɓa aiki da Excel ya san shi: idan aka sa dabarar lissafi a wani gida, aka canza adadi a gidan da ta dogara da shi, amsa kan canza nan take. Manhajar VisiCalc ta kawo wannan ga ƙananan kwamfutoci tun a 1979. Abin da QML da takwarorinsa suka yi shi ne ɗauko dabarar daga teburin lissafi, su shimfiɗa ta a kan komai: girman abu, da launinsa, da wurin zamansa, da bayyanarsa.

Daga nan ne kuma motsi ya zama abu mai sauƙi. Tun da tsarin ya san tsohuwar ƙima da sabuwa, ana iya gaya masa cewa duk lokacin da faɗin wani abu zai canza, to ya canza a hankali cikin kashi ɗaya bisa huɗu na daƙiƙa. Shi zai lissafa matakan da ke tsakani. Haka nan ana iya siffanta yanayi daban-daban na taga, kamar yanayin jira da yanayin kuskure, a faɗi yadda kowanne yake, a bar wa tsarin aikin sauyawa daga wannan zuwa wancan.

Inda ɗaurin ke tsinkewa

To sai dai wannan sauƙin yana da nasa tarkon, kuma kusan babu sabon shiga da bai faɗa ciki ba.

Na farko shi ne cakuɗa salon biyu. Idan siffa tana da ɗauri, sannan a wani wuri mai rubuta manhaja ya ba ta tsayayyar ƙima ta hanyar umarnin JavaScript, to ɗaurin ya tsinke ke nan. A misalin kantin, idan maɓallin share ciniki ya rubuta sifiri kai tsaye a gurbin jimilla, maimakon ya mayar da yawan buhu sifiri, daga wannan lokacin jimillar ba za ta sake motsawa ba, ko da an sayi buhu ɗari. Manhajar ba za ta tsaya ba, ba kuma za ta nuna wa mai kanti wata alamar kuskure ba. Za ta ci gaba da nuna sifiri cikin natsuwa.

Na biyu shi ne ɗauri mai zagaye, inda faɗin uwa ya dogara da faɗin ɗa, na ɗan kuma ya dogara da na uwar. Injin kan gane wannan ya yi gargaɗi, amma gano inda zagayen ya faro a babbar manhaja kan ɗauki lokaci.

Na uku ya fi su wuyar kamawa. A salon umarni mutum yana iya bin matakai ɗaya bayan ɗaya har ya kai inda aka yi kuskure. A salon siffantawa kuwa ba shi ne ya tsara jerin matakan ba, don haka idan ɗauri goma suka tashi a lokaci guda, bai kamata ya dogara da wanda zai riga wani ba. Ikon da ya miƙa wa tsarin don ya huta, shi ne ikon da yake nema a ranar da abu ya lalace.

Akwai kuma batun cewa JavaScript ba ya tilasta bayyana nau'in kowace ƙima tun farko, don haka kuskuren harafi guda a sunan siffa yana iya ɓuya har sai an buɗe tagar da yake ciki. A Qt 6 an ƙarfafa kayan bincike irin su qmllint, da masu fassara wani ɓangare na QML zuwa C++ kafin manhaja ta fara aiki, domin rage wannan matsalar da kuma ƙara sauri.

Fuska daban, ciki daban

Shawarar da masu Qt ke bayarwa ita ce kada a rubuta manhaja gaba ɗayanta da QML. Fuska kawai ake siffantawa da shi. Aiki mai nauyi, kamar lissafi, da adana bayanai, da hulɗa da intanet, ana rubuta shi ne da C++, ko da Python ta hanyar PySide, wanda kamfanin Qt ke kula da shi, ko PyQt na wani kamfanin Birtaniya.

Ɓangaren ciki kan fito da bayanansa a matsayin siffofi masu sigina, ɓangaren fuska kuma ya ɗaura kansa da su. A nan ma akwai wurin tuntuɓe: idan injiniya ya canza ƙima a C++ ya manta bai aika sigina ba, fuskar ba za ta sani ba. Wato tsohuwar mantuwar ba ta mutu ba, an dai tattara ta ne a wuri guda inda ya fi sauƙi a sa mata ido.

Rabon ya fi fitowa fili a wajen dogayen jeri. A ce kantin yana da kaya iri dubu hamsin. Ba a ƙirƙirar layi dubu hamsin a kan allo. Bayanan suna zaune a ɓangaren ciki, ana siffanta kamannin layi guda ɗaya tak, sannan tsarin ya ƙirƙiri iya layukan da ido ke gani da ɗan ƙari. Idan aka gangara ƙasa sai ya rushe na sama ko ya sake amfani da su. Wannan ne ya sa jerin ke gudu ba nauyi. Shi ne kuma ya sa duk wanda ya ajiye wani bayani a cikin layin kansa, kamar alamar cewa an zaɓe shi, zai tarar ya ɓace idan ya gangara ya dawo.

Amfanin wannan rabon ga kamfanoni shi ne mai zane da injiniya suna iya aiki a lokaci guda, kowa a nasa fayil. A aikace dai iyakar ba ta cika tsayawa inda aka shata ta ba, domin da wuya a rasa ɗan lissafin da ya silale ya shiga ɓangaren fuska.

Matsalar tebur

Tun daga Qt 5, Qt Quick ba ya roƙon Windows ko macOS su zana masa maɓalli. Da kansa yake zana komai, ta hanyar katin hotuna na kwamfutar. A Qt 6 yana amfani da Direct3D a kan Windows, da Metal a kan kwamfutocin Apple, da OpenGL ko Vulkan a kan Linux. Domin motsi ya tafi sumul a allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, dole a gama kowane hoto cikin abin da bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba.

Ribar hakan ita ce manhaja tana iya kasancewa da kamanni ɗaya a ko'ina. Hasarar kuma ita ce tana iya zama baƙuwa a ko'ina. Mai amfani da kwamfutar tebur ya saba da abubuwa da dama da ba ya ma lura da su sai sun ɓace: danna linzami ta dama, gajerun hanyoyin madannai, tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi ba tare da linzami ba, jan fayil a jefa cikin taga, da tebur mai ginshiƙai da za a iya faɗaɗawa. Makafi kuma suna dogara ne da manhajar da ke karanta musu allo, wadda ba ta ganin zane, sai an gaya mata cewa wannan maɓalli ne, sunansa kaza.

A nan ne asalin QML na waya ya daɗe yana bayyana. Sai a 2013 aka samar da tarin maɓallan tebur na farko. A 2016 aka fito da wani sabon tari da ya fi sauri amma bai kai na farko kayan tebur ba, daga baya kuma aka cire na farkon a Qt 6, abin da ya tilasta wa masu manhajoji sake rubutu. Jeri mai rassa irin na manyan fayiloli, wanda Qt Widgets ke da shi tun shekarun 1990, bai shiga sabon tsarin a hukumance ba sai a 2022.

Wannan ne ya sa har yanzu akwai manyan manhajojin Qt da suka tsaya a kan tsohon salon. Wasu kuma sun ƙaura. Fuskar tebur ta KDE Plasma 5 da ta fito a 2014 an gina ta ne da QML, haka ma Plasma 6 ta watan Fabrairun 2024. Manhajar Cura ta masu buga abubuwa da na'urar 3D tana haɗa Python da QML, sannan manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore ta mayar da yawancin fuskarta kan QML a fitowarta ta huɗu a 2022.

Dogaro da katin hotuna yana da wani tasirin ga masu tsofaffin kwamfutoci, domin idan katin ko manhajar da ke tuƙa shi ta tsufa, taga kan iya fitowa baƙa ƙirin ko ta riƙa sarƙewa. Qt yana da hanyar zane da ba ta buƙatar katin, sai dai ba duk ado ne ke aiki a cikinta ba.

Harsuna

Salon siffantawa yana taimakawa wajen fassara manhaja. Ana yi wa kowace kalmar da za ta bayyana a allo alama, a tattara su a fayil guda a ba mai fassara, wanda ba ya buƙatar sanin komai game da rubuta manhaja. Tun da faɗin maɓalli yana ɗaure da tsawon rubutun da ke kansa, idan kalmar Turanci mai harafi huɗu ta zama kalmomi uku a wani harshe, maɓallin kan buɗe ya ɗauke su.

Qt yana aiki da tsarin haruffa na Unicode, wanda ya ƙunshi haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, muddin salon rubutun da aka zaɓa yana da su. Ga harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu kuma, irin su Larabci da Farisanci, ko Hausa da ajami, akwai siffa guda da idan aka kunna ta takan juya jerin kayan taga kamar a madubi. Wannan yana yiwuwa ne saboda an faɗi dangantakar abubuwa da juna, ba a kafe kowanne a wurinsa da lamba ba.

Takwarorinsa

QML ba shi ne na farko ba. Tun a ƙarshen shekarun 1990 Mozilla ta ƙirƙiri XUL, wanda da shi aka gina fuskar Firefox. Macromedia ta fito da MXML a 2004. Microsoft kuma ta fitar da XAML tare da tsarin WPF a watan Nuwamban 2006, gab da fitowar Windows Vista, kuma shi ne ya yaɗa tunanin ɗaura fuska da bayanai a tsakanin masu rubuta manhajojin ofisoshi. Duk waɗannan ukun an gina su ne a kan XML, mai yawan alamomin buɗewa da rufewa, abin da masu QML suka kauce wa.

Zuriya ta biyu ta bi wata hanyar. React, wanda Facebook ya saki a 2013, bai dogara da ɗaurin siffa da siffa ba. A duk lokacin da bayanai suka canza, akan sake siffanta ɓangaren fuskar da abin ya shafa, tsarin ya kwatanta sabon bayani da tsohon, ya gyara iya abin da ya bambanta. Flutter na Google, wanda ya fito a 2018 ya kuma iso kwamfutocin tebur sosai a 2022, da SwiftUI na Apple na 2019, da Compose na 2021, duk suna kusa da wannan tunanin, kuma a cikinsu da harshe ɗaya ake rubuta fuska da ciki.

Akwai kuma Electron, wanda ke naɗe shafin intanet da injin Chromium ya mai da shi manhajar tebur. Ya samu karɓuwa saboda masu iya rubuta shafukan intanet suna da yawa, ko da yake ana sukarsa da cin ƙwaƙwalwar na'ura. A 2023 kuma wasu tsofaffin injiniyoyin Qt suka fitar da Slint, wanda harshensa ya yi kama da QML, amma ana tantance shi gaba ɗaya kafin manhaja ta fara aiki.

Wa ke da tsarin?

Fayil ɗin da aka siffanta fuska da shi ba ya yin komai shi kaɗai. Sai da injin da ya san harshen. Saboda haka duk wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare ya ɗaura makomar manhajarsa da ta mai tsarin, kuma tarihi ya nuna cewa wannan ba ƙaramar caca ba ce.

Manhajojin da aka rubuta da MXML sun dogara ne da Flash, wanda Adobe ya daina tallafa wa a ƙarshen 2020. Silverlight na Microsoft, mai amfani da XAML, ya kai ƙarshensa a watan Oktoban 2021. Firefox ya daina karɓar ƙarin manhajojin da aka rubuta da XUL a watan Nuwamban 2017. Bankuna da ma'aikatun da suka zuba kuɗi a kan irin waɗannan sai da suka sake gini.

Qt ya sauya hannu sau biyu bai mutu ba, kuma wani ɓangare na dalilin yana cikin lasisinsa. A farkon KDE an yi ta ce-ce-ku-ce saboda lasisin Qt bai cika sharuɗɗan manhaja mai 'yanci ba, har hakan ya sa aka kafa aikin GNOME a 1997 don ya zama kishiya. A shekara ta 2000 Trolltech ya saki Qt na Linux a ƙarƙashin lasisin GPL, a 2009 kuma Nokia ya ƙara da LGPL, wanda ke ba kamfani damar sayar da manhajarsa ba tare da bayyana rubutunta ba, bisa sharaɗin cewa mai saye zai iya musanya ɓangaren Qt da ke cikinta, kuma duk gyaran da aka yi wa Qt ɗin kansa za a bayyana shi. Wasu sassan tsarin dai ba sa ƙarƙashin LGPL, don haka akan buƙaci a duba kowanne kafin a fara aiki.

Dangantakar ba ta rasa tsami ba. A watan Janairun 2020 kamfanin Qt ya sanar cewa fitowar da ake daɗewa ana yi wa gyara za ta zama ta masu biyan kuɗi, matakin da ya fusata da yawa daga cikin masu amfani da shi kyauta.

Sai dai akwai wata yarjejeniya da aka ƙulla tun 1998 tsakanin Trolltech da masu KDE, ta hanyar wata gidauniya da ɓangarorin biyu ke da wakilai a cikinta. Yarjejeniyar ta tanadi cewa idan mai Qt ya yi watanni 12 bai fitar da sabon Qt mai 'yanci ba, gidauniyar tana da ikon sakin na ƙarshe a ƙarƙashin lasisi irin na BSD, wanda ke ba kowa damar ɗauka ya yi kasuwanci da shi. Yarjejeniyar ta bi Qt zuwa hannun Nokia, ta bi shi zuwa Digia, kuma tana aiki a kan kamfanin da ke riƙe da shi a yanzu.